Ƙofar da Kawu Ya Zana

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Ainu Shams, taga a buɗe kamar kullum, bayan ya sha shayinsa ya kuma yi wa mai kawo tukunyar gas faɗa a kan wata roba da ta tsufa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haura tamanin, kuma fiye da rabin shekarun nan a Alƙahira ya yi su, yana ƙera ƙofofi da tagogin ƙarfe a wata 'yar warsha da ke ƙasan benen da yake zaune. Na ɗauki alƙalami ne don ina tsoron nan da 'yan shekaru sababbin ɗalibai su kama haya su tarar da ƙofofi a yanke, a rasa mai gaya musu hannun wa ya yi aikin.

Ban taɓa zuwa zaman makoki mai surutu irin nasa ba. Kafin la'asar gidan ya cika, matattakalar bene ta cika, maza sun baje tabarmi har bakin titi. Ga ɗaliban Najeriya, ga 'yan kasuwar Nijar, ga Hausawan Sudan dangin marigayiya matarsa, ga Misirawan unguwa da jallabiyoyinsu. Mu mata muna ɗakin ciki, mun fara da kuka kamar yadda aka saba. Can sai wata mata 'yar Damagaram ta share hawaye ta ce, "Ni dai ranar da na fara ganinsa, da zarto ya shigo mana."

"Ke ma?" in ji ta kusa da ita. "Mu ƙofar banɗaki ya yanke mana ta ƙasa, tafin hannu guda, ko ruwa bai tsaya ya sha ba."

"Ku da sauƙi. Mu gilashin taga ya cire ya tafi da shi a hammata, ana tsakiyar sanyi."

Kafin ka ce kwabo ɗakin ya kaure. Kowace tana da ƙofarta, kowace tana so a ji tata kafin ta wata. Ana dariya ana goge ido, har wani dattijo ya aiko daga waje wai a tuna mana gidan rasuwa ne. Ni ma ina ciki tsundum, ina ta ɗaga hannu in ba da nawa labarin, sai wata Hajiya 'yar kasuwa daga Maraɗi ta rage murya ta yi tambayar da kowa ya sani amma ba mai yi.

"Wai gaskiya ne shi ya gina ɗakin nan na Amurka, wanda ake zaunar da fursuna a sakar masa iska mai guba?"

Yaya ta miƙe tsaye. Ita kaɗai Kawu ya haifa, a nan Alƙahira aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Ma'adi, kuma ba ta ɗaukar raini a kan ubanta. Ta ce, "Yaudararsa aka yi, ya Hajiya. Tanki suka ce masa. Baba bai san komai ba sai da aiki ya ƙare. Halas, kar in ƙara jin maganar nan a gidan nan."

Aka yi ta Allah sarki, Allah ya isar masa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina, dariyar ta gudu daga cikina. Na san ba haka abin yake ba. Kawu da bakinsa ya gaya mini, ya kuma ɗora mini nauyin in faɗa wa Yaya idan ya mutu. Ga shi ya mutu, ga Yaya tsaye tana huci, ita ce kuma 'yar'uwa guda da nake da ita a duk faɗin Masar.

Amma bari in fara da Kawun da kowa ya sani.

Wanda bai zauna Alƙahira ba ba zai gane abin da sanyinta yake yi wa Bahaushe ba. Muna zuwa daga ƙasar zafi, gidajen nan kuma na siminti ne da tayil, sanyin yana shiga ƙashi. Abu na farko da sabon zuwa yake yi shi ne ya bi duk wata kafa ya toshe. A cusa tsumma a ƙasan ƙofa, a liƙe taga da leda, a danna tsohuwar safa a ramin bango. To a banɗakin kusan kowane gida akwai sakkan, wato injin dumama ruwan wanka da ke ci da gas. Wutarsa tana cinye iskar ɗaki ta bar wata mugunya wadda ba ta da wari. Mutum yana wanka cikin jin daɗi sai ya ji barci, shi ke nan. Misirawa sun san wannan tun suna yara. Mu sai an gaya mana, kuma Kawu ya ɗauki gaya mana a matsayin aikin da aka haife shi dominsa.

Da ya ji an ce wasu ɗalibai sun kama gida, a unguwar Faisal ne ko a ina, washegari yana ƙofarsu da jakarsa. A ciki akwai zarto, guduma, sukudireba, da wata siririyar takarda da yake yagowa daga tsohuwar jarida. Gaisuwa ma a tsaye yake yin ta. Ya wuce banɗaki, ya rufe ƙofa, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ƙara, ya riƙe takardar a ƙasan ƙofar. In ta motsa, ya ce tamam, a kawo shayi. In ba ta motsa ba, sai ya ɗago ya dubi masu gida ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ɗakin nan ba ya numfashi." Daga nan ba sauran shawara, zarto ne zai yi magana.

Rigimar da ya sha da masu gidajen haya ba ta ƙirguwa. Na ga ɗaya da idona a benenmu. Mai gidan, wani Bamisire mai ƙaton ciki, ya hau hawa biyar yana haki ya tarar da ƙofarsa a kwance a ƙasa, Kawu ya taka ta da ƙafa yana yanka. Mutumin ya ɗora hannu a ka yana kiran ƙofarsa kamar an yanka masa rago. Kawu bai ko ɗago ba. Da Larabcinsa da shekara arba'in ba ta raba shi da harshen Kano ba ya ce, "Ƙofa taka ce, ya Hajj. Ran yaran nan na iyayensu ne. Ka bari in gama, in ba ta fi da kyau ba ka kira mini 'yan sanda." Bayan kwana biyu ya dawo da wani ƙarfe mai ramuka da ya ƙera, ya rufe wurin yankan da shi, ya shafa fenti. Mai gidan ya zagaya ƙofar sau biyu, ya tsotsi haƙori, sannan ya tambaya ko za a yi masa sauran gidajen benen.

A warsha ma halinsa ke nan. Ba ya ƙera ƙofar da ba ta da mariƙi ta ciki, ko ta ɗakin ajiyar kaya ce. Ba ya yi wa taga ƙarfen hana ɓarawo sai ya bar ɗan ƙyaure da za a iya buɗewa daga ciki. Wani Alhaji mai shagon atamfa ya taɓa cewa shi ba ya son ƙyauren, a rufe masa ruf. Kawu ya nuna masa warshar maƙwabcinsa da baki ya koma kan aikinsa.

Mu mata kuwa mun sha tsiyarsa a kan turaren wuta. Ya shigo ya tarar da kasko yana ci, tagogi a rufe, sai ya tsaya ya shaƙa ya ce, "Kai, wannan haɗin na Barno ne. Haka za a same ku, kun mutu kuna ƙamshi." Ya buɗe taga, ya zauna, ya ce a ƙara masa turaren a rigarsa. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ya fi yi mini faɗa fiye da kowa, wai uwa ba ta fushi da ɗanta.

Nawa labarin, wanda ban samu na bayar a zaman makoki ba, na wankan jego ne. Shekara tara ke nan. Na haifi 'yata ta fari a tsakiyar sanyi, muna zaune a Faisal, maigidana yana karatunsa na shari'a. Gwaggonsa ta taso takanas daga Katsina don ta yi mini wanka, da busasshen ganye da kanwa a jakarta. Ta iso tana ta fargabar inda za ta samu itace da garwa a saman bene, sai aka nuna mata sakkan. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo yana tururi, ta jira ya ƙare bai ƙare ba. Ranar Gwaggo ta yi wa Masar addu'a. Don kada iska ta taɓa mai jego, ta liƙe tagar banɗaki da leda, ta ninke tsohon zani ta cusa a ƙasan ƙofa, ta kuma shigo da kaskon gawayi don in gasa jiki bayan wanka. Kawu ya riga ya yanke mana ƙofar tun muna sababbin zuwa, amma zanin Gwaggo ya rufe aikinsa tsaf.

Kwana huɗu ina fitowa kaina yana sarawa, Gwaggo tana cewa jinin haihuwa ne. Ita ma nata yana ciwo, ta ce gajiyar jirgi ce. A rana ta biyar da safe muna ciki Kawu ya zo barka. Maigidana ya ce ya tarbe shi da fara'a, amma idon tsohon yana kan zanin da ke leƙowa ta ƙasan ƙofa. Ya tambaya tun yaushe muka shiga. Da aka ce an kusa awa guda, sai ya ajiye ledar tsarabarsa a ƙasa ya nufi ƙofar.

Ina jin bugun kamar daga nesa. "Hajiya, kashe ruwan nan ki buɗe."

Gwaggo ta ce, "Wane ne wannan? Namiji a ƙofar mai jego? Malam, ba ka da 'ya'ya ne?"

"Ina da su, ɗaya tana ciki. Ki rufa mata zani, zan cire ƙofar nan."

Ya sa maigidana ya kashe gas, shi kuma ya juya fuskarsa gefe, ya sa guduma ya fitar da ƙusoshin da ke riƙe da ƙofar, ya ɗauke ta gaba ɗaya. Gwaggo ta fito tana salati tana tangaɗi. Ni na ce zan tashi, ƙafafuna suka ƙi. Abin da ban manta ba shi ne daɗin da nake ji, wani barci mai laushi, har ina jin haushin masu tashina. Maigidana ya ɗauke ni ya kai ni baranda, Yaya ta zo ta kwashe mu zuwa asibiti, likita ya ce mu yi sadaka.

Ƙofar kuwa Kawu ya saɓa ta a baya ya sauka da ita hawa biyar, ya ce ba za mu ƙara ganinta ba sai na yi arba'in. Labule aka rataya. Gwaggo ta buga waya gida ta ce ta ga tsohon da ba shi da ta ido, ta kuma ƙi gaishe shi ranar suna. Amma ranar da za ta koma, ita ta sa aka kai ta warsha, ta ajiye masa ragowar kanwarta da ƙullin daddawa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, amma ba ka da kunya." Ya ce ya karɓi duka biyun.

Bayan na yi arba'in na tuƙa tuwo da miyar kuka, na goya 'yata, na hau bas na canja jirgin metro na kai masa warsha da azahar. Ya ci ya suɗe hannu, ya jawo ledar gyaɗarsa yana ɓarewa. Sai ya ce, "Uwata, kin ji abin da ake cewa na yi a Amurka?"

"Na ji, Kawu. Na kuma ji yaudararka aka yi."

"Matso ki gani."

Ya share teburin ƙarfe da hannun riga, ya ɗauki alli. Yana zane yana ba ni labari. Yana malamin koyar da sana'a aka tura shi Amurka ƙaro karatun zanen injiniya. Da ya gama ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai ƙera tankuna da tukwanen tururi. Shi kaɗai ne baƙar fata a ɗakin zane, kuma shekara biyu ba abin da ake ba shi sai kwafe zanen wasu. Rannan wani gidan yari ya kawo aiki. Suna da tsohon ɗakin ƙarfe da aka daɗe ba a taɓa ba, suna so a sabunta shi. Ƙofarsa tana yoyon iska, manyan masu zane biyu sun gwada sun kasa, sai aka turo wa Kawu takardun, wataƙila don shi ma ya kasa.

Allin yana ta gudu a kan tebur, hannun ko rawa ba ya yi. Ga ɗaki mai kusurwa takwas. Ga tagogi masu kaurin gilashi, nan masu shaida suke tsayawa. Ga kujera a tsakiya an ɗaure ƙafafunta da ƙasa. Ga dogon bututu da ya zarce rufin gidan yarin, na fitar da iskar bayan an gama. Sannan ga ƙofar, irin ta jirgin ruwa, da sitiyari a waje da ake murzawa, da roba zagaye da bakinta. Ta ciki kuwa sumul take, ba abin da hannu zai kama.

Ya ce, "A takarda tanki aka rubuta, wannan gaskiya ne. Mako guda ina zaton tanki ne. A mako na biyu shugabanmu ya ce in bar wata 'yar huda a bango ta siririn tiyo. Na ce na mene ne? Ya ce na likita ne, zai tsaya a waje yana sauraron zuciyar mutumin har ta tsaya. Bai ɓoye mini komai ba. Har cewa ya yi in ba na so, a ba wani."

Na ce, "Sai ka ce a ba wani."

"Sai na ce a bar mini."

Ya jefa gyaɗa a baki ya tauna. Ni na rasa inda zan sa idona.

"Na riga na gano inda iskar take bi," in ji shi, ya ɗora alli a kusurwar ƙasa ta ƙofar. "Nan, inda robar take lanƙwasa. A cikin bas na gano maganinta, har na wuce tashata. Kin san daɗin wannan? Abin da ya gagari mutum biyu masu raina ki, ga shi a tafin hannunki. Na ce wa kaina ai ma'aikata da masu shaida nake karewa, in ƙofar ta yi yoyo su za su mutu. Wannan ma gaskiya ne. Amma ba don su na zauna ba."

Wata uku ya yi a kan aikin. Ranar gwaji aka rufe ƙofar, aka hura iska zalla a ciki, aka bi duk wata gaɓa da ruwan sabulu ana duba inda kumfa zai tashi. "Ko ɗaya bai tashi ba, Uwata. Ko ɗaya." Shugaban da bai taɓa kiran sunansa daidai ba ya kira shi daidai, ya ba shi hannu a gaban kowa. Kawu ya ce ranar da ƙafa ya koma masauki don murna ta hana shi zama a mota.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne fuskarsa. Yana faɗin wannan tana haske, idanunsa suna rawa, irin yadda yake yi in ya gama ƙofa mai kyau. Ya lura na gani. Ya ce, "Kin gani ko? Kusan shekara arba'in ina istigfari, daɗin kusurwar nan bai fita daga raina ba."

Bayan wani lokaci suna cin abincin rana a wurin aiki rediyo ya faɗi cewa an zartar wa wani mutum hukunci a wancan gidan yari. Abokin aikinsa ya dafa masa kafaɗa ya ce ƙofarka ta riƙe. Kawu ya ajiye cokali. A watan ya bar aikin, ya tafi hajji, ya yada zango a Alƙahira da niyyar karatun addini. Karatun bai yi nisa ba, hannunsa ya koma ga ƙarfe.

Na yi ƙoƙarin rarrashinsa da ɗan abin da nake ji a bakin maigidana. Na ce ai hukuncin kisa ba baƙon abu ba ne, alƙali ne ya yanke, masu laifi ne. Ya girgiza kai. "Ban ja da alƙali ba. Amma alƙali ya saurari shari'a, ni ban saurara ba. Ban san sunan ko ɗayansu ba, ban san ko su nawa ne ba, ban tambaya ba. Ni don a ce na iya na yi."

Sannan ya zo kan Yaya. Tun farkon zuwansa ya taɓa ba wani aboki labarin, maganar ta bazu cikin Hausawa. Yaya tana 'yar shekara tara yara suka fara kiranta 'yar hauni, mai sare kan mutane. Ta dawo gida tana kuka ta tambaye shi. Ya dubi fuskarta ya ce yaudararsa aka yi. Tun daga ranar take yaƙi da duk wanda ya taɓa shi.

"Kullum in ta idar da salla ina jinta," in ji shi. "Allah ka saka wa Baba zaluncin da aka yi masa. Ni kuwa ba sakayya nake nema ba, gafara nake nema. Addu'ar ɗa ita ke bin uba kabari, ga tawa tana tafiya inda ba na nan. In na mutu ki gaya mata. Ni na kasa."

Ya goge zanen da tsumma, ya ba ni ƙofar banɗakinmu ya ce in aiko a ɗauka.

Shekara tara ina roƙonsa ya faɗa da bakinsa. Sau ɗaya ya kusa. Wata ƙaramar salla muna gidansa, ya gyara zama ya ce wa Yaya ta zauna yana da magana. Yaya ta zauna, ta jawo hannunsa ta naɗa masa abin awon jini tana cewa, "Yalla, ina jinka, ya Baba." Ya dube ta, ya dube ni, ya buɗe baki, sai ya tambaye ta ko tana barin tagar kicin ɗinta a buɗe. Na ji kamar in jefe shi da matashin kujera. Mutumin da ya cire ƙofa a kan mai jego, ya tsaya gaban masu gidaje ba ko gezau, ya kasa kallon 'yarsa da magana ɗaya.

Washegarin sadakar bakwai baƙi suka watse, muka rage ni da ita a kicin muna wanke kofunan shayi. Na yi bisimilla a zuci na faɗa mata duka, tun daga hudar likita har zuwa ruwan sabulu. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ta bar famfo yana zuba har na gama. Sannan ta kashe shi, ta goge hannu a hankali, ta ce, "Kin jira bakinsa ya rufe sannan kika zo da wannan. Ɗauki jakarki."

Na ɗauka na fita. A metro na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Kwana goma sha ɗaya ba ta ɗaga wayata, ba ta amsa saƙona. Maigidana ya ce na sauke amana, in bar wa Allah sauran. Ni kuwa har haushin Kawu na ji, ya tafi ya huta ya bar ni na rasa 'yar'uwa, ita kuma na ƙwace mata uban da ta sani ban ba ta wani ba.

A rana ta goma sha biyu da la'asar aka buga ƙofa. Yaya ce, da kayan aikinta a jiki, daga asibiti ta wuto. Na ce ta shigo, ta ƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Tambaya ɗaya zan yi miki. Da yake gaya miki, kuka yake yi?"

Na so in ce e, don na ga kamar shi take so ta ji. Amma na riga na zo nan da gaskiya. Na ce, "A'a. Gyaɗa yake ci. Da ya zo kan kusurwar ƙofar ma, murmushi yake yi."

Ta rufe baki da hannu. Wata dariya ta kufce mata, ta juye ta zama kuka. "Shi ne," in ji ta. "Da kin ce kuka ya yi, da na san ƙarya kike. Wannan Baba ne."

Ta shigo ta zube a kan tabarma, na zauna kusa da ita. Can ta ce, "Shekara talatin ina yi wa wanda aka cuta addu'a. Yanzu ban san ta inda zan fara ba." Ta ɗago ta dube ni. "Su kuma waɗanda aka zaunar a kujerar fa? Wa yake yi musu?"

Ba ta jira amsata ba. Ta tashi ta yi alwala, ta karɓi hijabina ta yi la'asar ɗinta, ina zaune a bayanta. Da ta sallame ta ɗaga hannu, muryarta a fili, da Hausar da ba ta cika yin addu'a da ita ba.

"Allah, Baba ya sani. Ya sani kuma ya yi. Ka gafarta masa. Waɗanda ƙofarsa ta rufe a kansu, kai ka san sunayensu, mu ba mu sani ba. Ka ji ƙansu, kuma ranar da za su haɗu da shi a gabanka, ka sa su yafe masa."

Na ce amin. Da izininta na rubuta wannan, kuma ita ta ce kada in cire komai. Duk wanda Kawu ya taɓa shiga gidansa da zarto, wannan addu'ar muke roƙo ya taya mu da ita.